Guntayen Bidiyo a Kwamfutar Shago

Injiniya maci amana ne, kuma ya daɗe yana ci. Duk wanda ya kawo waya gyara shagon kawunsa, sai ya karɓi lambar buɗewa, wai zai gwada allo. Mai waya na juya baya, shi kuma ya shiga ma'ajiyarsa ta intanet, ya riƙa sauke bidiyoyin gidansa a kwamfutar shago. Ba ya sayarwa, ba ya tura wa kowa. Leƙen asirin mutane ne kawai ciwonsa.

Da hantsin ranar da dubunsa ta cika, wayar wani direba ce a hannunsa. Layi ba ƙarfi, bidiyo na saukowa kamar ɗigon famfo. Bai iya jira ba, da ma bai taɓa iyawa ba. Tun bai kai rabi ba ya danna kallo. Ya ga ɗakin direban, katifa a ƙasa, matarsa tana tsefe kai tana dariya, sai hoton ya tsaya cak. Ya ji takun kawunsa a matakala. Nan da nan ya goge bidiyon, ya share kwandon shara, ya ɗauki sukundireba kamar mutumin kirki.

Abin da bai sani ba shi ne halin manhajar da yake saukewa da ita. In mutum ya danna kallo kafin abu ya gama sauka, sai ta kwafi iyakar abin da ya iso, ta ajiye shi a wata jaka daban don ta nuna masa. Ko an goge babban, wannan guntun yana nan.

Kawu ya shigo tare da wata nas. A makon jiya Injiniya ya sauya mata allo, yanzu wayar ce ke sandarewa. Kawu ya zauna zai sake mata manhaja, kwamfutar ta ce babu wuri.

Injiniya ya yi dariya, ya ce ai na'urar ta tsufa kamar mai ita, a sayi sabuwa a huta. Kawu ya ce tsufa yana sa ciwon gwiwa, amma bai taɓa jin ya cika wa mutum ciki ba. Ya gyara tabarau, ya jera jakunkuna bisa nauyinsu. Can ya ga wata da bai san da ita ba, ta fi kowace kumbura.

“Tarkace ne, Kawu. Kawo in share.”

“Ba na zubar da buhu ban duba cikinsa ba.”

Ya buɗe na farko. Matar direba ta yi dariya, ta tsaya. Ya buɗe wani: yarinya ana mata wanka a roba. Kawu ya ci gaba da buɗewa. Kowane guntu bai wuce 'yan numfashi ba, kowane a tsakiya yake yankewa. Nas ta kau da kai don kunya, sai ta ji wata murya da ta sani. Ta matso.

Tsohuwa ce a kan gado, an yaye zanen da ke rufe da bayanta, ana nuna gyambon kwanciya. Mahaifiyarta ce. Nas ɗin da kanta ta ɗauki bidiyon don ta nuna wa likita.

Injiniya ya fara rantsuwa. Ya ce ƙila ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar, ya ce ƙila wayoyin ne ke zubowa da kansu in an jona. Kawu ya tambaye shi ko ƙwayar cuta ce ke zaɓen ɗakunan kwana. 

Kawu ya kashe allon, ya miƙe, ya roƙi nas ta yafe, ya ce ɗan yayarsa ne, a hannunsa ya koyi sana'a, laifin har da shi. Ta karɓi wayarta, ba a gyara ba, ta sa a jaka.

“Ba ni ce mai yafewa ba, Baba,” in ji ta. “Mai jikin ta rasu.”

Ta sauka. Injiniya ya miƙa hannu zai goge jakar, Kawu ya buge hannun. Ya ce ba za a goge ko ɗaya a ɓoye ba. Wanda zai iya gane mai shi, zai kira shi ya goge a gabansa. Ya fara da direban, wanda ya dawo karɓar waya bayan la'asar. Injiniya yana tsaye aka nuna wa mutumin matarsa.

Yayar Kawu, uwar Injiniya, ta bugo waya tana kuka, ta ce a rufa wa yaro asiri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kawu ya ce mata mutanen nan ma suna da asiri.

Kafin a tashi kasuwa ya karɓe makullin shago da akwatin kayan aiki. Shugaban masu gyara ya bi tebur-tebur ya sanar. An kori Injiniya daga shagon, kuma an hana shi taɓa wayar kowa a ginin.