Yatsan da Ke Ciyar da Gida

Jar fitila ta sake kamawa a jikin na'urar da ke manne a ƙofar kamfanin jima. Idrisu ya lashi babban yatsansa, ya goga a gefen hanci, ya sake dannawa. Ja dai. A bayansa layin masu aikin safe ya kai bakin titin Challawa, tsaki na tashi ta ko'ina.

"Baba Idi, ko aljaninka ka aiko yau?" in ji wani daga baya. Aka kwashe da dariya.

Tun gemunsa na baƙi yake tsoma hannu cikin ruwan kemikal yana tuje gashin fatun awaki. Safar hannu kuwa, sai ranar da masu dubawa za su zo ake rabawa, da yamma a karɓe. Ruwan nan ya cinye zanen yatsunsa tas, sun yi sumul kamar bayan cokali. A da ba wanda ya damu, maigadi ya san fuskarsa. Da aka kafa na'urar dangwala yatsa sai aka ce wanda ba ta shaida ba bai zo aiki ba, kuma ƙarshen wata za a sallami masu fashi. Ga shi kullum yana cikin ruwa har gwiwar hannu, amma a lissafin kamfani yana gida kwance.

* * *

Ofishin 'yan kwamfuta na sama, sanyin esi kamar ɗakin ajiye gawa. Samari biyu ne a ciki: Muhammad Nazir, wanda ya lulluɓe bayan kwamfutarsa da hoton wani tsuntsu mai tumbi, da Falalu mai cin gyaɗa yana zuba ɓawon a durowa. Idrisu ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya miƙa tafukansa biyu.

"Ka ji ko?" Falalu ya juya ga abokinsa. "Direba ne. Na'urar nan ba ta da direban kirki a Linuks ɗinka."

"Wane direban?" in ji Idrisu. "In Ɗahiru mai tirela ne, wallahi ba ruwansa."

Ba wanda ya tsaya gaya masa cewa direban wani abu ne a cikin kwamfuta, Linuks da Windos kuma manhajojin da ke tafiyar da ita.

"Da ka bar mu a Windos da tuni an wuce wajen," in ji Falalu.

"Windos? Kana tsakiyar aiki ta ce maka ka jira tana kwalliya? Linuks kyauta ce, malam, ko kwamfutar da aka jefar a bola ka sa mata sai ta tashi da gudu."

"Kyauta, amma sai ka wuni kana rubutu a baƙin allo kafin firinta ta yi tari."

Idrisu ya san irin wannan musu. Ya sha jin sa a teburin mai shayi tsakanin 'yan ƙwallo, bambancin kawai waɗancan ba a biyan su albashi a kai. Hannunsa ya gaji, ya sauke.

"'Ya'yana, hannun ne fa ya shafe."

"Mun sani, Baba," in ji Nazir, idonsa na kan allo. "Amma in muka rubuta cewa kemikal na cinye yatsun mutane, manaja zai ce mun jawo wa kamfani magana. Mu tsari kawai muke kula da shi. Ɗan matsa baya don Allah, warin na shiga esi."

"Tsarin da ya kasa karanta tsoho ɗaya," Falalu ya tsokane shi.

"Tsarina? Ko yatsan ƙafa ka ba shi zai karanta!"

"Ƙarya kake!"

Suka dubi juna, sannan a karon farko suka dubi Idrisu da kyau. Ƙafarsa suka duba.

Ya tuɓe takalmin roba. Nazir ya toshe hanci da hannu ɗaya, ya tura masa ƙaramar na'urar rajista da tsinin takalminsa. Idrisu ya ɗora babban yatsan ƙafarsa na dama. Fitila ta yi kore.

"Linuks!" Nazir ya yi tsalle. Suka tafa. Falalu har da ƙwalla don dariya, ya zaro waya.

* * *

Na'urar ƙofa a daidai ƙirji take. Saboda haka kowace safiya maigadi kan jawo benci, Idrisu ya tuɓe takalmi ya hau, ya dafa kafaɗar maigadin, ya ɗaga ƙafa kamar zakara zai yi susa. Kwanakin farko ana ihu ana tafi. Daga baya aka saba, sai dai a ce, "Baba yi sauri mana."

Ran Juma'a da la'asar, a gidansa na Panshekara, 'yarsa Badi'a ta dawo daga makaranta ko sallama ba ta yi ba. Ta ajiye waya a kan tabarma gabansa. Ga shi nan a bidiyo a kan benci, wando ya zame har cinya, an sa kiɗa a ƙasa, an rubuta wani abu da Turanci.

"Me suka rubuta?"

"Wai Linuks ba ta san abin da ba zai yiwu ba," in ji ta. "Baba, duk ajinmu sun gani. 'Yar Mai Ƙafa suke ce mini. Don Allah ku bar aikin nan."

Mairama, matarsa, ta daina tankaɗe, ta zuba masa ido. Ya juya tafukansa yana kallo. Wa zai ɗauki mai furfura a Sharada ko Bompai? Can ma ai na'urar ce a ƙofa, kuma ba lallai a samu masu musun da za su karɓi ƙafa ba.

"Tashi ki ci abinci," ya ce.

Da ya zo alwalar magariba ne Mairama ta lura. Takalmin robar ya tsage ta gaba, ruwan kemikal na shiga. Fatar babban yatsan ta yi fari, ta fara saɓulewa daga gefe. Ta daɗe a tsugune tana dubawa.

* * *

Washegari bayan asuba ta fito da gwangwanin man kaɗanya, wanda take ɓoyewa don fuskarta ranar biki. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta. Ta shafe yatsan a hankali, ta naɗe shi da tsumma mai laushi, ta sa leda ta ɗaure da zare.

"Ka kwance a ƙofa, in ka dangwala ka mayar," ta ce. "Kar ka bari ya jiƙe."

Badi'a na tsaye bakin ɗaki da hijabinta a hannu. Idrisu bai dube ta ba, bai dubi Mairama ba. Hannayensa na ajiye bisa gwiwoyinsa, a tsattsage, a bushe. Man bai isa a shafa musu ba.