Tsaron Rana a Kadamghat

"Buɗe hannun, Khalu, ka riƙe kofin da kanka," in ji Mofiz, wanda ke kiransa Khalu, wato kawu.

Tsoho Tobarak bai buɗe ba. Ya ƙara damƙe makullin a ƙirjinsa, ya bar matarsa Jobeda tana ɗiga masa ruwa da cokali. Rabi ya shiga, rabi ya bi gemu. Ɗakin na kwano ne, zafi na saukowa daga rufi kamar an kife su da tukunya.

"Ka dai gani da idonka," in ji Jobeda. "Ƙanensa ya aiko daga garinsu Bhola a kawo shi gida, ya cika kusa da kabarin uwarsa. Ya ce ba inda za shi sai an sami mai tsaron rana. Ni da na yi shekaru ina dafa masa shinkafa bai taɓa riƙe ni kamar ƙarfen nan ba."

"Ke ba kya buɗe ɗakin inji," in ji tsohon. Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta.

Makullin na ɗakin injin ruwa ne da ke bakin tafki. Lungunan unguwar Kadamghat ba sa ɗaukar motar 'yan kwana-kwana. Kafin su jawo mesa daga titi, layi guda ya zama toka. Bayan gobarar da ta cinye bayan masallaci ne Tobarak ya tara 'yan sa-kai, masu keken haya da 'yan kamfanin ɗinki, ya raba musu tsaro. Dokarsa ɗaya ce. Ba a rataye makulli a ƙusa, ba a ba da saƙonsa. Mai sauka zai sa shi a tafin mai hawa, shi kuma ya ce "Na karɓa." Wanda ya karɓa ba ya barin unguwa sai ya miƙa wa wani.

Tsaron yamma da na asuba ba su rasa masu yi. Na rana ne, daga hantsi zuwa la'asar, ba mai so. Lokacin maza suna titi, mata suna kamfani, unguwa ta rage tsofaffi da yara da tukwane a kan gas ɗin da aka jawo da tiyon roba. Tun farko Tobarak ne mai rana. Da ciwo ya kwantar da shi ma ba abin da ya sake. Kullum mai saukowa daga tsaron asuba zai shigo, ya sa makulli a hannun mutumin da ba ya iya kai kansa banɗaki, tsohon ya ce "Na karɓa," kowa ya tafi nemansa hankali kwance.

Mofiz bango ɗaya ya raba shi da tsohon. Ranar da kogi ya cinye gonarsu ya iso birnin Dhaka da ƙullin kaya, Tobarak ne ya samo masa ɗakin, shi ne kuma ya zauna a matsayin uba ranar ɗaurin aurensa. Saboda haka washegari da sassafe ya tsaya a rumfar mai shayi, inda 'yan sa-kai ke haɗuwa kafin su watse.

"Jama'a, mutumin nan tafiya zai yi. A taimaka a raba ranakun, kowa ya ɗauki ɗaya."

Shefali, wadda ta fi kowa iya riƙe bakin mesa, ta kurɓi shayinta a tsaye. "Mofiz bhai, ɗan'uwana, in na yi fashin rana ɗaya, kafin in kai ƙofa wata ta hau keken ɗinkina. 'Ya'yana ruwan tafki za su sha?"

"Anowar fa?"

Anowar ya tofar da jan yawun ganyen da yake taunawa. "Ni da na kwana ido biyu? Kai dai malam mai wa'azi, bakinka ya fi na kowa zaƙi. Ga hannu Allah ya ba ka har biyu. Karɓa mana."

Aka yi dariya, ba mai yawa ba. Mofiz ya dubi ƙasa. Keken da yake tuƙawa na haya ne, ranar da bai fita ba mai shi zai ba wani, ga matarsa da tsohon ciki. Kowa a wurin ya san haka. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye kofuna.

Da yamma tsohon ya tambaye shi, "Wa?"

"Ana shawara, Khalu."

Tobarak ya daɗe yana kallonsa. "Ba ka iya ƙarya ba, ɗana. Kunnenka ke motsi." Ya juya fuska bango. Bai ce masa kai fa ba. Mofiz ya fi son da ya ce.

Ranar Talata yana tsakiyar cunkoso da fasinja a baya, wayarsa ta yi ƙara. Aka ce masa tsohon ya cika. Ya sauke mutumin a nan, bai tsaya karɓar komai ba.

Ya tarar da lungun cike. Shefali ta baro kamfani, zare na maƙale a gyalenta. Anowar na tsugune yana kuka kamar yaro, domin shi ne ya sa wa tsohon makullin da hantsi, kuma ya rantse ya ga leɓensa ya motsa. Duk 'yan sa-kai sun hallara, ba wanda ya rage.

Jobeda ta dube su daga bakin ƙofa, idonta a bushe. "Ashe kuna iya zuwa da rana tsaka."

Liman ya leƙo ya ce ruwan wanka ya yi zafi, amma hannun mamaci a damƙe yake. Shi ba ɗan tsaro ba ne, ba zai taɓa ba, wani ya zo ya karɓa. Bhola kuma ta yi nisa ga gawa a wannan zafi. Bayan azahar za a ƙetara da shi makabartar birni, inda in an kwana biyu ake sa wani a kan wani.

Maza suka shiga duban juna. Wanda ya karɓa ba zai bi gawa ba.

"Ni zan ɗauki gaban makara," in ji wani.

"Ni na riga na yi wa mai kwale-kwale magana," in ji wani.

Mofiz ya cire takalmi ya shiga. Jobeda ta riƙo rigarsa. "Ba kai ba. Ba shi da ɗa namiji. Ya ce kai za ka sauka rami ka kwantar da shi."

"Na sani, Khala."

Ya durƙusa. Yatsun ba su yi gardama ba, ɗaya bayan ɗaya suka saki. Makullin ya bar zanensa a tafin tsohon, har yanzu da ɗumi.

"Na karɓa," in ji Mofiz. Sannan ya juyo ga mutanen da ke ƙofa. "Na yau kawai. Gobe fa?"

Anowar ya share hanci. "Goben ta zo tukuna, bhai."

Da aka idar da salla, Mofiz ya hau rufin ɗakin inji, wurin da ake ganin unguwa duka. Kwanon na ƙona ƙafa. A ƙasa aka sa makara a kwale-kwale, maza suka cika wani, masu tuƙi suka tura cikin kainuwar da ta rufe tafkin. Ya kafa ido a kan farin likkafanin, yana so ya raka shi ko da da kallo ne har gaɓar can.

Sai ya ji ƙauri. Ya waiwaya. Hayaƙi ne baƙi yana tashi daga layin masu wanki. Ya miƙe tsaye, usur a baki, yana jira ya ga ko zai yi kauri. Hayaƙin ya tashi, ya karkata, ya yi fari. Wata tsohuwa ce ta fito da kasko a hannu tana fifita shi da gefen zaninta, tana zagin jikarta.

Ya cire usur ɗin, ya juyo wajen ruwa. Kwale-kwalen sun riga sun sha kwana bayan gidajen gaɓa. Hanyar da suka tsaga cikin kainuwa ce kawai ta rage, ita ma ganyen na ta matsowa a hankali yana rufe ta.