Kujerar Inna

Hajiya Lailatu ta sauko daga bas ɗin unguwarsu Abbasiya, hannu ɗaya a kan ɗaurin kallabinta, ɗayan yana ture wani ƙaton Bamisire da ya taka mata gefen zane. "Ma'alish, ya Hajja," in ji shi, wai ta yi haƙuri. Ta galla masa harara ta wuce. Shekara ashirin da ɗoriya tana Alƙahira, har yau ba ta ga ranar da ma'alish ta wanke sawun takalmi daga jikin leshi ba.

Otal ɗin da za ta je yana cikin Wustul Balad, tsakiyar birni, bayan layin 'yan canji. A nan ake gasar Sarauniyar Kyau ta Nilu, wadda ke tara 'yan mata daga ƙasashen Afirka da na Larabawa da na bakin Bahar Rum. Yau ce ranar ƙarshe. Da safe alƙalai za su gana da 'yan matan ɗaya bayan ɗaya, da la'asar a fito gaban jama'a a naɗa wadda ta ci. A wannan shekara ta 1984, Lailatu tana cikin alƙalan.

Ba a tafin hannu aka miƙo mata kujerar ba. Tun da mijinta Alhaji Yakuba, mai fataucin fata daga Damagaram, ya rasu, ta riƙe kanta da shagon ɗinki da kitso, matan jakadun Afirka su ne manyan masu zuwa. Ta nan aka fara kiranta bayan dandali ta yi wa baƙaƙen 'yan matan gasar kitso, don masu gyaran gashin otal in sun ga sumar mutanenmu sai su yi tsaye da mataji a hannu kamar an ce su gyara mota. Daga bayan labule take leƙen teburin alƙalai, ta ga Bafaranshe da Ba'italiye da Misirawa da wata 'yar Labanan. Baƙar fata ko ɗaya babu. Da kunnenta ta ji wani alƙali yana ba wata yarinya 'yar Ghana shawara ta je likitan haƙori ya toshe mata wushirya. Wushirya fa, abin da ke hana samarin Damagaram barci.

Daga ranar ta sa Ustaz Midhat a gaba. Shi ne mai shirya gasar, mutum mai tumbi da taushin baki. Ba mugu ba ne, kawai dai ba ya son duk abin da zai sa shayinsa ya huce.

"Kyau ai kyau ne, ya Hajja," haka yake ce mata. "Ba shi da ƙabila."

"To in ba shi da ƙabila, bana ka cika teburin da matan Damagaram zalla, mu ga ko 'yar Girka za ta yarda."

Ya yi dariya har ya ƙware. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, tana zuwa yana ba ta shayi, sai da matan jakadu suka ce ba za su sake taka otal ɗin ba sannan ya tuna akwai wuri a teburin.

Da ta ratsa babban zaure ta ga ana jera kujeru a sahun gaba, ƙasan dandali, kowace da jan ƙyalle da sunan ƙasa. Na iyaye mata ne, ko duk wadda ta rako yarinya daga gida. Ta hangi mai sunan Nijar ta ji daɗi a ranta. Bana ba ta yi wa kowa kitso ba, an hana alƙalai ganin 'yan matan, don haka ko fuskar 'yar ƙasarsu ba ta sani ba.

Aka fara ganawar a wani ƙaramin ɗaki. 'Yar Girka ta shigo ta fita, 'yar Tunis ta shigo, kyakkyawa ce ta bugawa a jarida, har Lailatu ta jinjina kai. Madam Suraya, 'yar Labanan ɗin nan da ta tsufa a teburin, kowace ta shigo sai ta ce mata "ya binti", wato 'yata, tana kaɗa awarwaro.

Sai aka kira Zainaba daga Maraɗi.

Doguwa ce, baƙa mai sheƙi, ta shigo kai a sama tana gaida mutane da Faransanci garau. Ta bi alƙalan da kallo ɗaya bayan ɗaya ba ko gezau, har idonta ya sauka a kan kallabin Lailatu da zanen da ke kumatunta. Nan ta tsaya cak. Kafin kowa ya ankara ta zame takalmanta masu tsini, ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ina kwana?"

Allah bai ba Lailatu haihuwa ba. A garin nan ita Hajja ce, ita Madam ce, ɗalibai 'yan gida kuwa Hajiya suke ce mata in sun zo cin tuwon sallah. Ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce mata Inna.

"Lafiya lau, 'yata," ta ce. "Tashi."

Yarinyar ta tashi, amma idon nan da ya shigo yana kallon kowa ya koma kan kafet ya zauna. Ustaz Midhat ya tambaye ta da Faransanci, cikin fara'a, ko ta san Madam ne. Ita kuwa ta ɗauko amsar da kowace 'yar mutunci za ta bayar a Maraɗi, ta juya ta zuwa Faransanci yadda take, ba ragi.

"Uwata ce," ta ce.

Alƙalamin Ba'italiyen ya faɗi a kan tebur.

Dokar gasar ba ta da kwana: alƙali ba ya zama in yana da dangi a cikin 'yan matan. Kafin azahar magana ta zagaye otal ɗin, uwar 'yar Girka tana ta tayar da jijiyar wuya a bakin lif. Ustaz Midhat ya ja Lailatu ofis ya rufe ƙofa.

"Ustaz, ka san ban haihu ba," ta ce. "A wurinmu duk macen da ta kai ta haife ka uwarka ce. Madam Suraya tun safe 'ya'ya nawa ta haifa a ɗakin can? Ban ji an kira ta ofis ba."

"Na sani, wallahi na sani." Ya share gumi da hankici. "Nata kowa ya saba da shi. Naku baƙo ne. Kuma ki gane, akwai masu jiran irin wannan ranar. Ga shi har sun fara cewa mun kawo baƙar mace ne don ta ɗora wa baƙar yarinya kambi."

Maganar ta yi mata ciwo sosai, don ta san ba ƙarya yake ba.

"Abin mai sauƙi ne," ya ci gaba. "Zan tara alƙalai da iyaye, a kawo yarinyar. Ki ce a gabansu ba 'yarki ba ce, ba abin da ya haɗa ku, khalas, shi ke nan. In ba haka ba, ɗayarku sai ta fita."

"Tamam, na yarda," in ji Lailatu. Ai gaskiya ce za ta faɗa, mene ne abin wahala a ciki?

A barandar da ke kaiwa ɗakin taro ta tarar da Zainaba zaune ita kaɗai a kan benci, kwalli ya zubo mata har haɓa. Tana ganinta ta zabura za ta sake durƙusawa.

"Ke, tsaya nan. Durƙuson nan naki ya ishe mu na yau."

"Inna, na ja miki." Ta yi saurin gyarawa. "Madam, nake nufi. Ki yafe ni. Da na ga kallabinki, ƙafafuna ne suka yi abin da suka saba."

"Wa ya rako ki?"

"Ba kowa. Matar da aka ce ta zo da ni ta kwanta ciwo a Yamai."

"Uwarki fa?"

"Ina makaranta ta rasu. 'Yan'uwan babana kuwa sun ce in na hau jirgin nan kada in sake ce musu sannu." Ta goge ido da bayan hannu. "Ki faɗa musu kawai, ba komai. An sha ce mini ni ba tasu ba ce. Na saba."

Lailatu ta ciro hankici daga jaka ta goge mata kwallin, tana yi da ɗan ƙarfi yadda ake wa yaron da ya yi wasa da toka, sannan ta wuce ciki.

Ɗakin ya cika. Ustaz Midhat ya yi bayani da Larabci ya maimaita da Faransanci, ya juyo gare ta. Kafin ta buɗe baki Ba'italiyen ya ɗaga yatsa.

"Kuma Madam ta tabbatar mana za ta auna yarinyar nan daidai da sauran."

Tambayar ba ta da laifi, shi ya sa ta fi zafi. Lailatu ta duba ranta ta ga abin da ba ta so gani ba. 'Yar Tunis ɗin da ta burge ta da safe, yanzu ko kamanninta ba ta iya tunawa. Tun daga "ina kwana" ta gama naɗa Zainaba a zuciyarta, ba ta jira tafiya ko magana ba. Shekaru tana faɗa wa Ustaz Midhat cewa alƙalansa fuskar gidajensu suke nema a dandali, yau ga ta a cikinsu tsundum. Ta dubi yarinyar, wadda ke tsaye jikin bango kai a sunkuye, tana jiran a faɗi abin da ta saba ji.

"Ban haife ta ba," in ji Lailatu da Larabcinta na kasuwa. "Ban taɓa ganinta ba sai yau. Amma 'yata ce, kuma ba zan iya auna ta da kowa ba. Na sauka." Ta bi teburin da ido. "Ni dai tawa ta durƙusa kowa ya gani. Na wasu ba sa buƙatar durƙusawa."

Madam Suraya ta shiga duba farcenta. Ustaz Midhat ya sauke numfashi kamar an ɗauke masa buhu daga ka, ya ce ba damuwa, matar manajan otal tana nan, Ba'ingiliya ce mai ido, za ta cike gurbin.

"Ina," in ji Lailatu. "Kujerar nan ba tawa ba ce da zan tashi ka ɗage ta. Akwai Madam Almaz, Bahabashiya, likitar mata a unguwar Dokki. Ba ta jin Hausa ko sannu, ba wanda zai durƙusa mata. Ka aika mota."

"Ya Hajja, lokaci ya ƙure."

"To bari in ari wayarka in gaida matan jakadu."

Ya dafe kai da hannu biyu. Can ya leƙa waje ya ƙwala wa direba kira, "Yalla, Dokki."

A banɗakin mata ta yi kukanta, ta yi shi sosai. Ta so kujerar nan, ba ta ɓoye wa kanta ba. Leshin da ke jikinta don teburin ta ɗinka shi, ta riga ta gaya wa duk Abbasiya su nemi hotonta a jarida. Kuma ta san ko baɗi ko baɗin baɗaɗa Ustaz Midhat ba zai sake kiranta ba. Ta wanke fuska, ta yi sallarta a wani lungu, ta sake ɗaurin kallabi ya fi na safe tsayi.

Da la'asar zaure ya cika maƙil. Ta ratsa sahun gaba ta ɗage jan ƙyallen da ke kan kujerar Nijar ta zauna. Kujerar katako ce, ƙafa ɗaya ma tana rawa. A hagunta uwar 'yar Girka ta kawar da kai, a damanta wata Bamisiriya mai jiki tana fifita da jarida. Can sama a teburin alƙalai ga Madam Almaz cikin farin mayafinta, ta sa tabarau tana kallon kowa kamar mai duba marasa lafiya. Lailatu ta ji kishi ya ɗan sosa ta, ta kuma ji sanyi.

'Yar Masar ta fito, uwarta ta karkaɗa harshe ta saki irin guɗarsu, zaure ya ɗauka. Wasu suka biyo baya. Sai ga Zainaba cikin shuɗiyar atamfa, tana taku ɗai-ɗai, kai a sama. Ta zo bakin dandali, idonta ya faɗa kan kujerar da ta san babu kowa a kai. Ta ga kallabin. Haɓarta ta fara yin ƙasa.

"Ke, ɗago kanki," in ji Lailatu da Hausa, da muryar da ta saba tsayar da bas da ita. "Buɗe haƙoran nan su gani."

Yarinyar ta ɗago. Dariya ta kufce mata, wushiryar nan ta bayyana a ƙarƙashin fitilu. Lailatu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta kama hanci da yatsu biyu ta rangaɗa guɗa irin ta Damagaram, doguwa, mai kaifi, har mai ɗaukar hoto ya juyo da na'urarsa, Ustaz Midhat kuma ya rufe ido a bakin labule.

Da ta zauna, Bamisiriyar ta dafa mata gwiwa tana dariya, ta nuna dandali da jaridarta.

"'Yarki ce?"

Lailatu ta gyara zama a kan kujerar mai rawa.

"Aiwa, 'yata ce," ta ce. "Ba ki ga kama ba?"