Shafin da Baba Bai Karanta Ba

A layinmu Ƙamus ake ce wa Baba, kuma ba ya musu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba kurakurai a maɗaba'a. Littafin lissafi ne, na likitanci ne, na tarihi ne, duk sai sun bi ta ƙarƙashin jan bironsa. Shi ya sa in gardama ta kaure a shagon aski sai a ce a kira Ƙamus. Zai zo ya raba gardamar, ya ɗora musu da abin da ba su tambaya ba, har mai askin ya fara hamma.

Mama kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Amma kullum da yamma Baba zai ja kujera kusa da kekenta na ɗinki ya karanta mata littafin labari, tana taka keke tana sa baki. Haka na taso na same su.

Da yanar ido ta rufe masa gani, likita ya ce sai bayan wata uku za a yi masa aiki, sai karatun ya dawo kaina. Ni da digirina biyu, amma Baba bai taɓa barina na kai ƙarshen layi lafiya ba. "Auta, ba tsere ake yi ba, ki numfasa." Raina ya sha ɓaci, sai dai ina son tsohon nan, ba yadda zan yi da shi.

Wata Asabar Mama ta ce ita littafin nan mai koren bango take marmari, labarin mai wanki da ɗanta. Sau ɗaya Baba ya taɓa karanta mata shi, tun kafin a haife ni, amma ta ba mu labarin ya fi a ƙirga: yaron ya kwanta da zazzaɓi, an fid da rai, sai ya tashi, ya girma ya zama direban jirgin ƙasa.

Baba ya ce littafin ya ɓata. Mama ta ce yana ƙasan akwatin takardunsa. Ya ce ƙura za ta sa ni tari. Ta ce Auta ba jaririya ba ce. Na ɗauko.

Kwana huɗu muna karatu, Baba bai gyara mini ko kalma ɗaya ba. Na ɗauka ƙwarewa na yi, har da 'yar fankamata.

A rana ta biyar na juya shafin ƙarshe, idona ya riga bakina. Yaron bai tashi ba. Babu jirgi, babu direba, sai mai wanki zaune tana ninke rigarsa.

Sai na tuna. Kafin ni sun haifi namiji, yayana da ban sani ba sai a hoto. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi yana ɗan shekara shida, kuma a shekarar Baba ya karanta mata wannan littafi. Ashe ƙarshen da muka taso da shi daga kansa ya ciro. In na karanta abin da ke takarda, na tona wa Baba asiri, na kuma fama wa Mama tsohon miki. Na dube shi. Ya juyo da idanun nan da ba sa gani wajena, yana ɗan girgiza kai.

Na gyara murya na fara shirya tawa ƙaryar. "Da gari ya waye, sai yaron ya buɗe ido, ya ce..."

Keken ya tsaya.

"Auta," in ji Mama, "ke ba ki iya ba. Karanta abin da aka rubuta."

Na karanta. Na kai har ƙarshe. Mama ta share hawaye da ƙyallen da take ɗinkawa.

Baba ya sunkuyar da kai, ya ce da Mama: "Ki yafe mini. Ban taɓa ƙara wa littafin wani ko ɗigo ba, sai ran nan."

"Haba Malam, ai na sani. Tun ranar na sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Littafi nawa ka karanta mini kafin wannan? Duk marubucin da ka ga ya dage da yabon yaro tun daga farko, ga ladabi, ga wayo, ga tausayin uwa, to ba bar mata shi zai yi ba. Tun babi na biyu na fara yi masa kuka a zuci."

Ni da na yi shekara shida ina nazarin adabi ban hango ba. Kunya ta kama ni.

"To me ya hana ki magana?" in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Mama ta miƙa hannu ta gyara masa wuyan riga.

"Da yaronmu ya rasu, ni na yi kukana, mata sun taya ni. Kai kuwa aiki ka koma bayan kwana uku, ba wanda ya ga hawayenka. Da na ji ka tashe shi, ka sa masa hular direba, har kana kwaikwayon kukan jirgi, sai na gane ba ni kaɗai kake lallashi ba. Na ce bari in bar maka ɗanka ya girma."