Turai da Idanun Dodon Rijiya

A shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, wato 1979, gidan Alhaji Maharazu ne kaɗai ke da talbijin a lungunsu na unguwar Sheshe. Baƙi da fari ce, mai ƙofar katako da ake ja a rufe. Duk ranar Asabar da ƙarfe biyar na yamma sai a fito da ita tsakar gida a ɗora a tebur, a shimfiɗa tabarmi, yaran lungun su cika gidan.

Shirin yara suke zuwa kallo, wanda dodo ke fitowa daga rijiya ya kori masu ƙin jin magana. Turai, 'yar Alhaji mai shekara goma, ita ke zama a gaba. Ba abin da take so irin ta ji tsikar jikinta ta tashi. Shi ya sa a bayan madafi take da kwalabe da gwangwanaye: wannan shanshani, wancan ƙoƙi-ƙoƙi, ga wani ƙaton gizo-gizo da ta kamo a ɗakin gawayi. Sai ta tsuguna ta yi ta kallonsu har a kira ta sau uku ba ta ji ba.

Matsalar ita ce dodon talbijin ba ya ba ta tsoro ko kaɗan. Buhu ne kawai da ƙaho biyu, ɗaya ma a langaɓe. Da ya leƙo daga rijiyar sai yara su fashe da dariya, ita kuwa haushi ya kama ta.

Wata Laraba mahaifinta ya aike ta da yadi wurin Malam Isiyaku, telan da ke bakin lungu. Ta yi sallama ta shiga, tana jira ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki, sai idonta ya faɗa kan wani abu a rataye bayan ƙofa. Ƙahon nan ne mai langaɓewa.

"Baba, dodon rijiya ne wannan!"

Malam Isiyaku ya yi sauri ya jefa masa wani ƙyalle. "Ke, rage murya. Ni na ɗinka shi. Ƙanena Haruna ne ke shiga ciki, a gidan talbijin yake aiki. Gyara ya kawo."

"To Baba, me ya sa ba ya ban tsoro?"

Ya dube ta, ya ga ba raini ba ne, da gaske take tambaya. Ya yi ajiyar zuciya. "Duk daminar nan tutocin jam'iyyu da rigunan zaɓe muke ɗinkawa, ba hutu. A yini guda na harhaɗa shi. Yanzu Haruna ya ce in ban gyara ba, ba zai ƙara sa shi ba. Na ƙara masa haƙora, aka ce ya zama kamar ɗan akuya yana murmushi. Ni ban taɓa ganin dodo ba, yaya zan yi?"

Turai ta ce, "Ba haƙora ba ne, Baba. Ido ne. Ka ba ni kwana biyu."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta bi mahaifinta lambunsa da ke wajen Ƙofar Kabuga. Yana can yana duba albasa, ita tana bin shinge a hankali, har ta samu abin da take nema a kan reshen gwaiba. Ta karyo reshen gaba ɗaya ta sa a kwando. Da Alhaji ya leƙa, ja da baya ya yi, ya ce in dai a motarsa za a tafi da ita, to a can baya.

Da ta buɗe kwandon a shago, Malam Isiyaku bai san lokacin da ya ɗage ƙafafunsa ya ɗora kan benci ba.

"Hawainiya! Ke 'yar nan, lafiyarki kuwa?"

"Ba ta komai, Baba. Kalli idonta kawai."

Ya leƙo daga nesa. Hawainiyar ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta tsaya cak. Idonta na dama yana kan Turai, na hagu kuwa ya juya a hankali, ya zagaya, ya tsaya a kansa. Malam Isiyaku ya shafa hannunsa ya ji gashin ya miƙe.

"La haula. Kowane da inda yake kallo."

"Kuma ba ta sauri," in ji Turai. "Shi dodonku gudu yake yi kamar an biyo shi. Ka ce wa Kawu Haruna ya riƙa tafiya haka." Ta ɗaga ƙafa, ta yi gaba, ta yi baya, sannan ta dire.

Tela ya sauke ƙafafunsa. Ya ɗauko ludayi biyu na duma ya yanke mariƙinsu, ya huda tsakiya, ya ɗiga baƙin fenti. Ya zauna ya yi ta gwada yadda zai ɗaura su da zare ta ciki, yadda mai sanye da kan zai ja na dama daban, na hagu daban. Sau huɗu zaren yana tsinkewa. Ƙahon kuwa ya cire ya yar. Washegari Turai ta sa aka mayar da hawainiya kan gwaibarta.

Asabar biyu bayan nan aka nuna sabon dodon. A ranar har kakar Turai, Hajiya 'Yardada, ta jawo kujerarta kusa da tabarma tana dama fura. Yara sun gyara zama suna jiran abin dariya. Sai ga hannu ya fito daga rijiya a hankali. Sannan kai. Ido ɗaya yana kallon sama, ɗayan ya juyo, ya juyo, ya tsaya a kan masu kallo.

Tsakar gida ta yi tsit, sannan ihu ya ɓarke. Wasu suka yi zaure, wasu suka shige bayan randa. Hajiya 'Yardada ta saki ƙwarya tana salati, fura ta malale a tabarma. Turai, wadda da hannunta ta riƙe ludayin aka shafa masa fenti, ita ma sai da ta ji sanyi ya bi ta gadon baya. Daɗi ya kama ta, ta yi ta tsalle tana cewa, "Ni ce! Ni na nuna wa Baba Isiyaku!"

"Au, ke ce?" in ji kakar. "To Allah ya kai mu Litinin."

Ranar Litinin kuwa ta yafa mayafi, ta riƙo hannun Turai, sai shagon tela. Haruna ya dawo da kan dodon don a ƙara ɗaure zare, yana nan ajiye a kan tebur.

"Isiyaku, da girmanka ka biye wa yarinya? Jikokina uku sun ƙi zuwa ɗibar ruwa a rijiya!"

"Hajiya, a yi haƙuri. Ludayi ne fa kawai. Ga shi, ki duba."

Ta matso tana harararsa. Ta sa ɗan yatsa ta ƙwanƙwasa idon, ta ji ƙarar duma. Turai ta kama hannunta ta cusa a cikin kan, ta ɗora shi a kan zaren. Hajiya ta ja, ido ya juya ya kalli Malam Isiyaku. Ta sake ja, ya kalli rufin shago. Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, dariya ta ƙwace mata har ta nemi benci ta zauna.

Da ta goge hawaye sai ta ƙare wa kan kallo, ta girgiza kai.

"Amma dai aikinku bai cika ba. Dodon da aka ba mu labari muna yara, gashi ne da shi har gadon baya. Wannan ƙwalƙwal yake kamar an yi masa askin suna."

Malam Isiyaku ya jawo fensir daga bayan kunne. "Baƙi ne gashin, Hajiya, ko ja?"

"Baƙi wuluk, a cukurkuɗe. Turai, ruga gida. A ƙarƙashin gadona akwai tsohuwar fatar bunsuru, ki ɗauko."