Farfela Mai Jiran Jan Farce

Shekara uku ke nan jirgin yana rataye a saman teburin mai gyaran agogo, hancinsa babu farfela. Shi da autarsa suka haɗa shi da katako mara nauyi tun tana sakandare, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Ranar tashinsa na ƙarshe da baki ya sauka, farfelar ta rabe biyu. Bayan sati guda Auta ta tafi aiki wata ƙasa mai nisa, shi kuwa bai ƙara sayen wata ba. Duk sanda matarsa ta ce ya sauke tarkacen nan ta share yanar gizo-gizo, sai ya ce gobe.

Sai ga waya, Auta za ta zo hutu ƙarshen wata. Washegari ya rufe shago da rana tsaka, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba, ya nufi wajen mai sayar da kayan jiragen wasa.

Mai shagon ya zube masa farfeloli a kan teburin shagon.

"Baba, gudu kake so ko natsuwa? Gajeriyar nan, kafin ka ƙifta ido jirgin ya ɓace. Doguwar kuwa a hankali take ja."

"Ba ni doguwa. Idona ya daina tsere."

"To ga wannan, tun daga kamfani aka daidaita ta. Ɗaurawa kawai za ka yi."

Dattijon ya zaro siririn ƙarfe daga aljihu, ya roƙi aron kofi biyu. Ya zura ƙarfen a ramin farfelar, ya ɗora bisa bakin kofunan. Ta tsaya cak, ba ta rinjaya ko'ina ba. Ya ture ta gefe kamar ta yi masa laifi. Ya shiga gwada masu araha ɗaya bayan ɗaya, har ya samu wadda gefenta guda ya sunkuya ƙasa.

"Wannan."

"Haba Baba, ai wannan gurguwa ce! Jijjiga za ta yi ta yi har ta kwance maka kusoshi."

"Na gani, ɗana. Naɗe min ita."

Mai shago ya naɗe yana girgiza kai. Ina zai sani? A gidansu daidaita farfela aikin Auta ne. Jan farcenta take ɗigawa a gefen da bai kai nauyi ba, ta hura, ta gwada, ta ƙara, harshe a tsakanin haƙora. Sai a kwashe awa biyu ana abu ɗaya, kuma a nan duk labarinta yake fitowa: wadda ta ɓata mata rai a aji, malamin da take tsoro, abin da ko uwarta ba ta ji ba. Yanzu a waya "lafiya lau, Baba" ce, minti biyar an gama. Kewar awa biyun nan ce take cinsa, su ya je saye.

Ya jera kofuna a teburin gida, ya ɗora farfelar a karkace, ya hana kowa taɓawa.

Saura kwana uku Auta ta kira ta bidiyo. An ɗage hutun, abokiyar aikinta ta kwanta asibiti, wataƙila sai baɗi. Tana cikin ba da haƙuri ta hango kofunan a bayansa, ta yi dariya.

"Kai Baba, har yanzu? Ai yanzu daidaitacciya ake sayarwa. Saye ta ka tashi abinka, kada ka jira ni."

"To," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

Ya kife wayar. Matarsa, wadda ta shekara uku tana kiran jirgin tarkace, ta shiga ɗaki. Ta dawo da wani ƙullin hankici, ta kwance a gabansa. 'Yar kwalbar jan farcen Auta ce, wadda ya ɗauka an zubar tun tuni.

Ya murɗa murfin da ƙyar. Burushin ya manne a ciki.

"Ya bushe," ya ce.

"Na sani, Malam. Duk wata sai na buɗe na duba."

Ta ajiye kwalbar kusa da kofunan. Ya sa yatsa ya ɗago gefen da ya sunkuya, ya saki, farfelar ta sake komawa ƙasa a hankali.

"Bar ta nan," in ji matar. "Zan riƙa sharewa ta gefe."