Wankan Baji Kausar

Shagufta ba ta taɓa wankan gawa ba, amma matan Pakistan da suka iya a Hong Kong ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sai aka kira ta riƙon buta. Kuma Baji Kausar ce zuciya ta buga wa ta rasu, wa zai ce a'a?

Baji, wato Yaya a yarensu, uwar kowa ce. Mace ta gudo da kumburarren ido, ita za ta dafa mata shayi mai kauri, ta gasa mata fuska, sannan ta kama hannunta ta mayar da ita gun mijin. Shagufta ma sau uku tana shan wannan rakiya. "Bizarki a hannun mijinki Tanwir take, ƙanwata, ina za ki? Shekarata talatin da huɗu da aure, kin taɓa jin kanmu?"

Da tsohuwa Inna Parwin ta kwantar da gawar a gefen hagu don a wanke dama, mayafin ya zame. Butar ta suɓuce daga hannun Shagufta.

Sawun dutsen guga ne a gadon bayan, har uku, da tsininsa da komai. Ƙasa da su tabon dukan bel ne birjik, wani ya yi fari don tsufa, wani ko ɓawo bai yi ba.

"Ke, ɗauki butarki," in ji Inna Parwin. "Abin da mai wanka ta gani, ƙasa ce ke rufe shi."

"Inna, dama kin sani?"

"Wa kike zaton yake shafa mata magani?"

Suka gama, suka naɗe ta a likkafani. Daga waje ana jin mijin Baji yana rusa kuka, maza na ba shi baki. Can sai ga muryar Tanwir a bakin ƙofa: "Ku ce wa matar nan ta fito, tun safe ban ci komai ba!"

Shagufta ta tsaya ƙiƙam, hannun rigarta na ɗigar ruwa. "Inna, wallahi ba zan bi shi ba. Ko da za su mayar da ni Pakistan."

Tsohuwar ta juya wajen ƙofa. Sai ta ɗaga murya: "Ba mu gama ba, ɗan nan! Ko kai za ka shigo ka ƙarasa?"

Ta zare sakatar ƙofar baya, ta faɗa mata motar da ke zuwa gidan da ake ɓoye matan da suka gudo.

"Yi sauri. Na gaji da wanke masu haƙuri."